Hukum Karma: Tarihin Kundin Waƙoƙi na Biyu na Ƙungiyar Wings da Samarin Titin Tuanku Abdul Rahman

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya yi ko da zango ɗaya na karatu a Kuala Lumpur, da wuya a ce ƙafarsa ba ta taka titin Tuanku Abdul Rahman ba, wanda mutanen gari ke taƙaita wa suna Jalan TAR. Nan ake zuwa sayen yadi da gyale da tsarabar gida idan hutu ya ƙarato. Nan babban kantin Sogo yake, ga unguwar Masjid India a gefe guda, Chow Kit kuma tana can gaba ta arewa. Kusa da Sogo akwai wani tsohon ginin kasuwa mai suna Pertama Complex, wanda baƙo zai iya wuce shi sau goma bai ɗaga kai ya dube shi ba. To amma a shekarun 1980 wannan gini shi ne dandalin wasu samari masu dogon gashi da matsattsun wanduna, waɗanda dattawa ke yi wa kallon ɓatattu, kuma su ne suka ɗauki wani kiɗa na Turawa suka mayar da shi na Malay.

Wannan maƙala za ta bi tarihin kundin waƙoƙi guda ɗaya daga cikin waɗanda samarin nan suka ɗaukaka, wato Hukum Karma, kundi na biyu na ƙungiyar makaɗan rok mai suna Wings, wanda ya fito a shekarar 1988. Kada mai karatu ya haɗa ta da Wings ta Ingila wadda Paul McCartney ya jagoranta. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Abin da muke son fahimta shi ne yadda aka yi 'yan samari huɗu suka tsallake siraɗin kundi na biyu, inda ƙungiyoyi da yawa ke faɗawa, da kuma abin da labarinsu zai tuna mana game da kiɗa da kasuwa da hukuma a gida.

Titin da mutanensa

A zamanin mulkin Ingilishi sunan titin Batu Road. Bayan samun 'yancin kai a 1957 aka sauya masa suna don tunawa da Tuanku Abdul Rahman na jihar Negeri Sembilan, sarkin ƙasa na farko, wanda hotonsa ne ke kan takardun kuɗin ringgit. Shi daban, Tunku Abdul Rahman firayim minista na farko daban. Tun kafin a san manyan kantuna na zamani, wannan titi shi ne cibiyar saye da sayarwa ta birnin, kuma ginin sinimar Coliseum da aka yi a 1920 shaida ne a kan daɗewarsa.

A kewayen wannan titi ne wani ɓangare na rikicin ƙabilanci na ranar 13 ga Mayu 1969 ya auku. Bayan rikicin, gwamnati ta fito da sabon tsarin tattalin arziki a 1971, da nufin rage talauci da kuma jawo Malayawa, waɗanda akasarinsu manoma ne da masunta a ƙauyuka, cikin harkokin birni. Aka buɗe masana'antu a Penang da kewayen Kuala Lumpur, aka faɗaɗa makarantu, matasa suka yi ta barin ƙauye suna kwararowa birni. Wanda ya san yadda 'yan ci-rani ke cika Kano bayan an gama girbi zai gane hoton, sai dai su waɗannan ba su zo da niyyar komawa da damina ba.

Ana cikin haka sai tattalin arziki ya karye. A 1985 arzikin ƙasar ya ja da baya, a watan Oktoba na shekarar kasuwar kuza ta duniya ta rushe, farashin manja da sauran kayan da ƙasar ke fitarwa ya faɗi. Aiki ya yi wuya, musamman ga matashin da bai yi zurfin karatu ba. Saurayin da ya baro ƙauye da burin aikin masana'anta ya wayi gari ba aiki, ba gona, komawa gida hannu rabbana kuma abin kunya ne. Irin waɗannan, tare da 'yan makaranta da masinjoji da leburori, su ne ke taruwa a Pertama Complex, wanda aka buɗe tun a tsakiyar shekarun 1970. A nan suke sayen wandon jins da riguna masu hotunan makaɗa da takalman Aliph masu rufe idon sawu, a nan suke sauraron sababbin kaset a bakin shaguna, wanda ba shi da kuɗin saye ya ji a kyauta. Jama'a suka sa musu suna mat rock, wato kamar a ce “ɗan rok”. Masu tsananin ƙin su kuwa kutu suke ce musu, ma'ana kwarkwata.

Kiɗan da suka gada

Kiɗan rok ya shigo musu ne ta hanyar faya-fayan ƙungiyoyi irin su Deep Purple da Rainbow da Iron Maiden na Ingila, da Scorpions ta Jamus, da Loudness ta Japan. Kayan kiɗan ba su da yawa: jita mai amfani da lantarki wadda ake ƙure wa sauti har ta riƙa kuka, jita ta biyu mai kaurin murya da ke riƙe gindin kiɗa, jerin ganguna da mutum ɗaya ke kaɗawa da hannu da ƙafa, sai mawaƙi mai iya cilla murya sama. Waɗanda suka fara gwada rera irin wannan da harshen Malay har aka san su su ne Sweet Charity ta Singafo ƙarƙashin Ramli Sarip, wanda ake yi wa laƙabi da Papa Rock. Daga baya Search, wadda aka kafa a Johor Bahru a 1981, ta fitar da Cinta Buatan Malaysia a 1985, tare da mawaƙinta Amy. A 1986 aka fitar da kundin haɗaka mai suna Battle of the Bands, wanda ya fito da ƙungiyoyi da dama lokaci guda, irin su Lefthanded da Ella and The Boys. Daga nan ƙofa ta buɗe.

Hukuma ba ta yi maraba da abin ba. A cikin 1986 ɗin, bayan wata hatsaniya da aka yi a wurin wasa a Penang, aka hana yin wasannin rok a fili. Malamai da iyaye da 'yan siyasa suka yi ta danganta kiɗan da shaye-shaye da lalacewar tarbiyya da kwaikwayon Yammacin duniya. Wannan hani ya yi wani tasiri da masu yin sa ba su yi tsammani ba. Tunda filin wasa ya ƙuntata, sai rayuwar kowace ƙungiya ta koma kan kaset da rediyo da talabijin. Ƙungiyar da ba ta da waƙar da za a iya sawa a rediyo, ko da ta fi kowa iya kaɗa jita, ba ta da hanyar cin abinci.

Wings da kundinsu na farko

An kafa Wings a Kuala Lumpur a 1985, a shekarar da tattalin arziki ya durƙushe. Mawaƙinsu Ahmad Azhar Othman, wanda duniya ta sani da Awie, an haife shi a 1968, ke nan yaro ne ɗanye shakaf lokacin da aka fara. Waɗanda suka yi kundayen farko tare da shi su ne Sham a kan jita, Eddie a kan jita mai kaurin murya, da Black a kan ganguna. Kamfanin da ya ɗauke su na cikin gida ne, Antarctic Sound Production, wanda aka fi sani da ASP. A 1987 suka fitar da kundi na farko, Belenggu Irama, wanda za a iya fassara sunansa da “marin kiɗa”, wato irin marin da ake sa wa ƙafar fursuna. Kundin ya sanar da su ga masoya rok, ya kuma nuna cewa akwai sabuwar murya a gari. Amma a lokacin ƙungiyoyi sun yi yawa kamar jamfa a Jos, kowane kamfani na neman nasa masu dogon gashin, kuma da yawansu daga kundi ɗaya ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Kundi na farko ana yin sa ne da waƙoƙin da aka daɗe ana tarawa, an gwada su a gaban jama'a, an san wadda ke tayar da mutane da wadda ke sa su hamma. Na biyu kuwa cikin 'yan watanni ake so a haɗa shi, ga kamfani na jiran riba, ga masoya na jiran abin da ya fi na baya. In an maimaita na farko a ce basira ta ƙare, in an sauya da yawa a ce an ci amanar masoya. Shi ya sa kundi na biyu ya zama zakaran gwajin dafi ga kowane mawaƙi, a Maleshiya ne ko a Kano.

Yadda aka gina Hukum Karma

Matsalar da ke gaban Wings a 1988 ita ce suna da iyayen gida biyu masu buƙatu mabambanta. Samarin Pertama Complex suna son kiɗa mai zafi da gudu, wanda zai nuna cewa ƙungiyar ba ta yi laushi ba. Gidajen rediyo da talabijin, da 'yan mata ma'aikatan masana'antu, da mutanen ƙauye masu rediyo mai kaset, suna son waƙa mai sanyi wadda za a iya bi da baki. Kaset na da fuska biyu, yakan ɗauki waƙoƙi kamar goma, don haka dabarar da masana'antar ta zauna a kai ita ce a cika shi da masu zafi, a dasa biyu ko uku masu sanyi a tsakani, su ne za su ja kaset ɗin zuwa kasuwa. Kamfanoni kuma sukan nemo gwanayen tsara kiɗa da rubuta baiti daga waje su haɗa su da ƙungiya, don kada a dogara ga abin da yaran za su iya rubutawa su kaɗai.

A kan wannan tsari aka gina Hukum Karma, kuma waƙoƙi biyu masu sanyi ne suka ɗaga shi. Ta farko ita ce Misteri Mimpi Syakila, wadda J.S. Kevin ya tsara. Ta biyu ita ce Taman Rashidah Utama, wadda Bob Lokman ya rubuta baitocinta. Abin sha'awa game da ta biyun shi ne sunanta sunan wata unguwar gidaje ce a garin Seremban, unguwa kamar kowace, amma marubucin ya mayar da ita wurin makokin soyayyar da ta mutu. Kamar dai a ce wani ya ɗauki sunan rukunin gidajen Kundila a Kano ya gina waƙar bege a kansa, har ya zama duk wanda ya wuce unguwar sai waƙar ta faɗo masa.

Me ya sa waɗannan waƙoƙi suka shiga zukata haka? Idan mai karatu ya saurare su zai lura cewa jikin kiɗan na Turai ne: a fara a hankali, ganguna su shigo, a tsakiya a bar jita ta yi kukanta ita kaɗai, irin yadda Scorpions ke yi. Amma yadda Awie ke jan murya yana lanƙwasa ta a ƙarshen baiti, da irin kalmomin adabi masu nauyi da ake zaɓa, da jigon rabuwa da ƙaddara da haƙuri, duk na gida ne, sun yi kama da tsofaffin waƙoƙin Malay da iyayensu suka saba ji. Saurayin da ya baro masoyiyarsa a ƙauye, ko wanda aka hana shi aure don ba shi da aikin yi, ya ji an faɗi abin da ke ransa da harshensa, da kuma sautin da yake alfahari da shi. Malayawa na kiran irin waɗannan waƙoƙi jiwang ko leleh, kalma ta biyun na nufin narkewa. Salon gaba ɗaya kuma daga baya aka riƙa ce masa rock kapak, kapak kuwa gatari ne.

Sunan kundin ma abin dubawa ne. Hukum kalmar Larabci ce, tushenta ɗaya da “hukunci” a Hausa. Karma kuwa daga Sanskrit ta Indiya ta fito, tun zamanin da addinan Hindu da Buddha suka yi tasiri a yankin kafin zuwan Musulunci. A bakin talakan Malay ma'anar ba ta wuce abin da Bahaushe ke nufi da “alhaki kwikwiyo ne” ko “abin da ka shuka shi za ka girba” ba. Ke nan a suna ɗaya an haɗa Larabci da Indiyanci, an ɗora a kan kiɗan Turai, kuma babu wanda ya ji shi baƙo.

Fitowar kundin da sa'ar lokaci

Iya waƙa kaɗai ba ta sayar da kaset. Abubuwa uku sun haɗu a 1988 waɗanda suka taimaki Wings. Na farko, tattalin arziki ya farfaɗo, masana'antu sun koma ɗaukar ma'aikata, matashi ya samu rarar kuɗin sayen kaset a ƙarshen wata. Na biyu, gidan talabijin na TV3, wanda ya fara aiki a 1984 a matsayin na farko mai zaman kansa a ƙasar, yana neman masu kallo matasa, ya kuma ƙirƙiro gasar waƙoƙi ta Juara Lagu a 1986, wadda ta riƙa kai fuskokin mawaƙa cikin ɗakunan jama'a har ƙauye. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne dokar haƙƙin mallaka ta 1987, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Disamba na shekarar. Kafin ita, masu satar fasaha ke cin kasuwar: kaset ya fito yau, gobe an kwafe shi ana sayarwa da araha a bakin titi da kasuwannin dare. Dokar ba ta kashe satar ba, amma ta rage mata ƙarfi a waɗannan shekaru, har kamfanoni suka ga cewa zuba kuɗi a kan mawaƙan gida na biya. Hukum Karma ya fito ne a shekarar farko ta wannan sabon yanayi.

Sakamakon haka Wings ta tashi daga sahun ƙungiyoyi masu tasowa ta koma kafaɗa da kafaɗa da Search, har masoya suka rabu gida biyu, kowa da gwaninsa. A 1989 Search ta fitar da Fenomena mai ɗauke da Isabella, wadda shi ma Bob Lokman ne ya rubuta baitocinta, ta lashe Juara Lagu ta shekarar, ta kuma ƙetara ta mamaye Indunusiya. Wings ta biyo da Teori Domino a 1990, lokacin Joe ya karɓi jita, sai Jerangkung Dalam Almari a 1991. Da kundi na biyu ya faɗi, da babu ɗayan waɗannan.

Almakashin minista

Ɗaukaka ba ta raba su da hukuma ba. Ma'aikatar watsa labarai ƙarƙashin minista Mohamed Rahmat ta kafa sharaɗin cewa namiji mai dogon gashi ba zai fito a talabijin ba. Ga ƙungiyar da abincinta ke kan rediyo da talabijin, wannan daidai yake da rufe mata kasuwa. A 1992 Awie da Amy suka miƙa wuya, aka rage musu gashi a gaban kyamara, ministan da kansa ya riƙe almakashi, jama'ar ƙasa na kallo. Wasu masoya sun ɗauki abin a matsayin wulaƙanci, wasu suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. A 1993 Awie ya bar Wings ya kama waƙa shi kaɗai da fitowa a fim, inda Sembilu na 1994 ya ƙara masa suna, kafin ya dawo cikin ƙungiyar a 2002. Shi kuwa Bob Lokman daga baya ya juya ga harkar wa'azi, ya shiga jam'iyyar Musulunci ta PAS. Waƙoƙin da aka taɓa kira na kwarkwata kuma suka zama waƙoƙin tuna baya, waɗanda direban tasi mai furfura ke ƙara wa sauti idan rediyo ta sako su.

Waiwaye gida

Idan muka dubi namu tarihin za mu ga kama da bambanci. A shekarar da Hukum Karma ya fito, 1988, Najeriya ma ta yi dokar haƙƙin mallaka, amma ba ta samu aiwatarwar da za ta hana satar fasaha ba, kuma a wajajen wannan lokaci ne manyan kamfanonin faifai na waje irin su PolyGram da EMI suka sayar da rassansu suka janye. Da waƙoƙin fiyano suka bunƙasa tare da finafinan Hausa, kasuwarsu ta dogara ne kan 'yan kasuwa irin na Ƙofar Wambai, mawaƙi kuma sau da yawa ladan rana ɗaya yake karɓa. Ta fuskar hukuma ma mun ga namu almakashin: an kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2007 aka yanke wa Adam A. Zango hukuncin ɗauri a kan kundinsa Bahaushiya. A Nijar kuwa, ƙungiyar Tal National ta Yamai, mai kaɗa jita tana waƙa da Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan ƙasar, ita ma kundinta na biyu, A-Na Waya na 2008, shi ya mamaye ƙasar, alhali su da kansu suke tallan faya-fayansu a kan titi saboda babu kamfanin rarrabawa.

Kammalawa

Tarihin Hukum Karma ya nuna cewa baƙon kiɗa ba ya zama ɗan gida sai ya koyi harshen masu gida da abin da ke damunsu, kuma basirar mawaƙi ba ta ciyar da shi sai akwai doka da kasuwar da za su tsare masa guminsa. A cikinmu akwai masu karanta shari'a, da masu karanta kasuwanci, da masu karanta aikin jarida da kwamfuta, kuma wata rana wasunmu ne za su zauna a kujerun da ake yanke wa mawaƙan gida hukunci, ko a tsara musu kasuwa. Yana da kyau kafin lokacin mu san yadda wata al'umma mai kishin addininta da al'adarta ta yi fama da wannan tambaya, inda ta dace da inda ta yi kuskure. Wanda hanya ta sake bi da shi ta Jalan TAR, ya ɗan tsaya a ƙofar Pertama Complex, ya tambayi wani dattijon mai shago labarin Wings da Search. Zai ji abin da ba ya cikin littattafan da muke karantawa a aji.